Tsadar Wutar Sola, Kuɗin Fetur da Ƙwarin Gwiwar Masu Saye a Ƙasar Bici

Garin Bici yana bisa hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Katsina, wajen kilomita 40 arewa maso yamma da birni. Ƙasarsa tana cikin karkarar nan mai yawan jama'a wadda ta kewaye Kano, irin wadda Michael Mortimore ya yi nazari a kanta tun cikin shekarun 1960, inda gona take manne da gona, ba a barin saura ta huta, mutum kuwa ba ya tafiya mai nisa bai tarar da gida ba. Sai dai gidajen nan ba a dunƙule suke wuri guda ba. Ban da Bici kanta da garuruwa irin su Badume da Saye da Ɗanzabuwa, mutane da yawa suna zaune ne cikin ƙananan unguwanni a tsakiyar gonakinsu, saboda haka jan wayar lantarki zuwa ƙofar kowa aiki ne mai cin turaku da kuɗi. Inda wayar ta kai ma, ba kullum wuta take binta ba. Tun watan Nuwamba na 2013 kamfanin KEDCO ne yake rarraba ta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, amma a bakin talakawa har yanzu sunanta "wutar nefa", ko da yake hukumar NEPA ta rasa wannan suna tun 2005.

Wanda ya saba bin hanyar nan ya ga yadda baƙaƙen farantai masu ƙyalli suka yawaita a bisa rufin kwano tun daga 2023, a kan masallatai da kantunan magani da shagunan cajin waya, da gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa. Su ne ake kira "sola", watau kayan da suke juya hasken rana ya zama lantarki. In aka zauna aka yi lissafi da alƙalami, za a ga cewa mai kunna janareta kowane dare gara ya sayi sola. Duk da haka gidajen da suka saya ba su kusa kai waɗanda ba su saya ba, har a cikin masu ɗan hali. Kuskure ne a ɗora wannan a kan jahilci ko ƙin sabon abu, gama mutumin da ya karɓi babur da wayar hannu da injin ban-ruwa ba tare da an roƙe shi ba, ba za a ce yana tsoron na'ura ba. Dalilin yana wani wuri, kuma ba a gane shi sai an duba abubuwa uku tare: kuɗin mai, da kuɗin kayan sola, da kuma abin da masana tattalin arziki suke kira ƙwarin gwiwar mai saye.

Kuɗin fetur

Shekara da shekaru gwamnatin Nijeriya ce take yanke kuɗin fetur, tana cika gibin da ke tsakanin abin da aka kashe wajen shigo da shi da abin da aka sayar. Cikon nan shi ne "tallafin mai". Ƙasar tana haƙo ɗanyen mai ta sayar a waje, amma matatunta na Fatakwal da Warri da Kaduna sun daɗe ba sa aikin kirki, don haka tataccen mai daga waje ake sayo shi da dala. Amfanin tallafin ga talaka shi ne ya tsaya tsakaninsa da kasuwar duniya, wadda ba ta da tabbas ko kaɗan. Gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a watan Yuli na 2008, ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, ta sake haura dala 120 a Maris na 2022 bayan Rasha ta afka wa Yukren. Mai janareta a Bici ba ya jin wannan hawa da sauka kai tsaye, sai ranar da gwamnati ta gaji ta taɓa farashi, kamar a Janairun 2012 da aka ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, jama'a suka fito zanga-zanga har aka mayar da ita 97, ko a Mayun 2016 da ta koma 145.

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabinsa na kama aiki cewa tallafi ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma 540 a Kano, alhali a Legas 488 ce, domin kuɗin ɗauko ta daga bakin teku ya dawo kan mai saye. A watan Oktoba na 2024 ta haura naira 1,000. Matatar Ɗangote da ke Lekki, mai iya tace ganga 650,000 a rana, ta fara sayar da fetur a Satumban 2024, kuma a cikin 2025 farashi ya ɗan sauko ƙasa da 1,000 a wurare da dama. Amma saukowar ba ta mayar da abin yadda yake a da ba, saboda matatar ma da farashin duniya take sayen ɗanyen mai. Wanda yake ƙauye kuwa, mai saye kwalba-kwalba a hannun 'yan bumburutu, kullum abin da yake biya ya ɗara na gidan mai.

A ɗauki misali da gidan da ƙaramin janaretansa yake shan lita 2 kowane dare, don fitilu da fanka da talabijin. A kan naira 185 kuɗin wata 11,100 ne. A kan 540 ya zama 32,400. A kan 1,000 ya zama 60,000 a wata, watau 730,000 a shekara, ban da baƙin mai da kuɗin gyara. Mai karatu zai tuna cewa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ba abin mamaki ba ne da janareta da yawa suka koma ƙarƙashin gado, waɗansu kuma aka juya su suka koma shan gas ɗin girki.

Kuɗin sola

A kasuwar duniya labarin sola akasin na mai ne, gama kullum sauka take yi. A 1954 aka ƙera ƙwayar farko mai amfani a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, wadda take juya wajen kashi 6 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata. A 1977 kuɗin wat guda ya haura dala 70. Tsakanin 2010 da 2020 kaɗai farashin faranti ya ragu da wajen kashi 90 cikin 100, a cikin 2023 kuma ya sake faɗuwa kusan rabi, saboda masana'antun ƙasar Sin, waɗanda suke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan, sun yi abin da ya fi ƙarfin kasuwa. Ƙasar Kano kuwa Allah ya hore mata rana: in aka tattara hasken yini guda, yakan kai kimanin awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana.

To, amma mutumin Bici ba da dala yake saye ba. A watan Yuni na 2023, mako biyu kacal bayan cire tallafi, Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta kai 1,500 a Fabrairun 2024. Kayan da ake sayarwa dala 100 a lokacin 460, kuɗinsa naira 46,000 ne. In ya karye rabi a Sin ya koma dala 50, a kan 1,500 kuɗinsa naira 75,000 ne. Watau kaya ya yi araha a inda aka ƙera shi, ya yi tsada a Sabon Gari, duk a shekara guda. Dillalin da ya ce wa mai saye dala ce ta tashi, gaskiya ya faɗa, ko da ya ɗan ƙara nasa a kai.

Sa'an nan kalmar "sola" ita kanta tana ɓoye bambanci mai yawa. Akwai 'yar fitila mai faranti kamar tafin hannu. Akwai akwati mai ƙwai uku ko huɗu da wurin cajin waya, wanda kuɗinsa dubbai ne. Akwai kuma cikakken haɗi mai farantai da yawa, da inbata mai juya wutar batir ta dace da kayan gida, da batura, wanda zai ɗauki firji da famfon rijiya. Wannan a 2024 maganar miliyoyi ake yi. A cikin haɗin nan faranti shi ne mai sauƙin lamari: masu ƙera na kirki sukan ba da tabbacin shekara 25, abin da yake bukata kawai a riƙa share masa ƙura, musamman da hunturu sa'ad da hazo yake rage masa ƙarfi. Batir shi ne ciwon kai. Batirin dalma zafi ne makashinsa. An ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage rabin kwanansa, ga shi kuwa da bazara zafin ƙasar Kano yakan kai digiri 40. Wanda ya ajiye shi a ɗaki mai rufin kwano, yana kuma zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare, da wuya ya ci shekara biyu ko uku da shi. Na litiyam ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, amma kuɗinsa na farko ya fi yawa. Don haka wanda ya ce sola kyauta ce bayan an kafa ta, rabin magana ya faɗa.

Ƙwarin gwiwar mai saye

Bambancin da ya fi muhimmanci tsakanin fetur da sola ba a jimlar kuɗi yake ba, a lokacin biya yake. Mai janareta yana sayen haske dare-dare. Ranar da babu, sai ya kwana da tocila, ba wanda ya bi shi bashi. Mai sola kuwa yana biyan kuɗin hasken shekaru a rana ɗaya, sa'an nan ya zauna yana jiran kuɗinsa su dawo a hankali. Ba mai yin haka sai wanda hankalinsa ya kwanta cewa kuɗin da ya fitar yau ba zai neme su gobe don hatsi ko asibiti ba.

Wannan kwanciyar hankali ita ce George Katona, masanin Jami'ar Michigan a Amurka, ya fara aunawa a ƙarshen shekarun 1940. Abin da ya lura shi ne sayen kaya masu daɗewa, irin su mota da firji, yana bukatar abu biyu: iko, da kuma niyya. Mutum yana iya samun kuɗin, amma in yana jin tsoron gobe sai ya ƙulle su. Daga nan aka tsara tambayoyin da ake yi wa magidanta a kan halin da suke ciki, da abin da suke tsammani nan gaba, da ko yanzu lokacin sayen manyan kaya ne, a tattara amsoshin su zama lamba guda. An kuma daɗe da lura cewa kuɗin mai yana taɓa lambar nan fiye da yadda girmansa a kasafin gida ya kamata, domin shi ne farashin da yake rubuce da manyan lambobi a bakin titi, kowa yana ganinsa safe da yamma. A watan Yuni na 2022, da galan ɗin fetur ya haura dala 5 a Amurka, ma'aunin Michigan ya faɗo 50, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani har zuwa lokacin. Babban Bankin Nijeriya ma yana yin irin wannan bincike, inda lamba takan faɗa ƙasa da sifiri in masu zaton wuya sun rinjayi masu zaton daɗi.

A nan ne kullin maganar yake. Tashin fetur na 2023 ya sa sola ta zama abin so, amma shi ne kuma ya cinye ikon sayenta da niyyar. Kuɗin mota ya tashi, na taki da niƙa da magani suka bi, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024 bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kafin wannan ma, a farkon 2023, canjin takardun naira ya sa mutane sun yi watanni kuɗinsu suna banki ba su iya taɓa su, abin da ya koya wa na karkara cewa abin da ba ya hannu ba naka ba ne. Har ila yau, tun da farashin mai ya koma yana hawa yana sauka, mai lissafi bai san a kan nawa zai yi lissafinsa ba. In ya sayar da sa ya sayi sola, sa'an nan fetur ya karye, ya yi gaggawa. In ya jira dala ta ƙara tashi, ya yi latti. Mutane da yawa a irin wannan hali sukan zaɓi jira, jiran kuwa ba wauta ba ce.

Akwai wani abu kuma da ma'aunin Turawa bai tanada ba. Manomin ƙasar Kano ba ya ajiye dukiyarsa a takarda. Yakan mai da ita rago ko sa na kiwo, ko buhunan hatsi, ko ya karɓi jinginar gona, matarsa kuma ta mai da tata awaki da kayan ɗaki. Duk waɗannan ana iya kai su kasuwa ranar da ta ɓaci, sau da yawa har da riba. To, da su ne yake gwada sola, ba da janareta kaɗai ba. Faranti yana da masu saye na hannu, amma batirin da ya shekara ba wanda zai taya shi da daraja, kuɗin waya da na mai haɗawa kuwa sun tafi ke nan. Harshe ma yana nuna rabon: kuɗin fetur "ƙona" su ake yi, kuɗin kiwo "juya" su ake yi, na sola kuwa sau da yawa sai a ji an ce an "zuba" ko an "narka" su, kalmomin da suke nuna abin ya shiga inda fitowarsa take da wuya.

Ga kuma maganar amana, wadda ita ce ɗaya fuskar ƙwarin gwiwa. Mai saye ba shi da hanyar gane faranti mai wat 300 na gaske da wanda aka liƙa wa takardar 300 alhali bai kai ba, ba ya kuma iya leƙa cikin batir ya ga sabo ne ko tsoho aka yi wa fenti. Kalmomin "orijina" da "jabu" da "na hannu" su ne suka cika bakin masu ciniki. A unguwar da kowa ya san kowa, gida guda da solarsa ta mutu cikin wata shida ya isa ya sanyaya gwiwar maƙwabta goma, kamar yadda gida guda da tasa ta yi ƙarko yakan jawo goma. Daren da aka ɗauke wuta ne ake yin wannan shari'a. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata turakun babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, sai masu sola suka zama su ne masu ruwan sanyi da wurin caji, kowa kuma ya ga wadda ta riƙe da wadda ta gaza.

Hanyar da aka ɓullo da ita don rage nauyin biyan farko ita ce biya kaɗan-kaɗan ta wayar hannu: a ba da kafin alƙalami a ɗauki akwatin, in an daina biya ya kulle kansa, in an gama ya zama na mai shi. A Kenya aka fi saninta da farko, sa'an nan kamfanoni irin su Lumos da Sun King suka yi aiki da ita a Nijeriya. Gwamnatin Tarayya ta gina shirinta na Solar Power Naija a kan irin wannan tunani, da burin haɗa gidaje miliyan 5, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo kuma ya buɗe shi a Jangefe ta ƙasar Roni a Jihar Jigawa a watan Afrilu na 2021. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don wani sabon shirin. Tsarin ya yi kama da adashi ta wajen tara ƙanana su zama babba, jumhurun malamai kuma sun halatta sayar da kaya bashi a farashin da ya ɗara na hannu, muddin an yanke shi tun wurin ƙulla ciniki. Raunin tsarin a karkara shi ne yana neman biya kowane mako ko wata, manomi kuwa da kaka yake samu. Cikin watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba, kuɗin fitila ne farkon abin da za a jingine.

Shi ya sa sola ta fi saurin shiga inda take haifar da kuɗi a ganin ido. Mai shagon caji, da mai sayar da ƙanƙara, da mai aski, da tela, kowannensu yana iya ƙirga abin da ya daina kai wa gidan mai a ƙarshen mako. Haka masu noman rani a fadamu da kewayen madatsar Watari ta ƙasar Bagwai, maƙwabciyar Bici: famfon sola ba ya bukatar batir, tun da rana tsaka ake ban-ruwa, don haka an kauce wa ɓangaren da ya fi lalacewa, tumatir da albasar shekara kuma su ne za su biya. Ƙwarin gwiwar da ake nema a nan na 'yan watanni ne. Na mai son haske a ɗakin kwana kuwa na shekaru ne.

Saura magana guda da ta shafi masu nazarin harshe da masu koyar da malamai, waɗanda ɗalibansu ake yawan aikawa ƙauyuka da takardun tambayoyi. In aka fassara tambayar Katona kai tsaye, aka ce wa dattijo a Saye, "Baba, yaya kake ganin halinka zai kasance baɗi war haka?" amsar da ladabi da addini suka tanada ita ce, "Sai abin da Allah ya yi." In aka ce, "Yaya kasuwa?" sai ya ce, "Da godiya," ko da tun safe bai yi ciniki ba. Mai cika takarda da bai san wannan ba zai rubuta cewa mutumin yana zaton daɗi, ko kuwa ba shi da ra'ayi, duka biyun kuwa ba daidai ba ne. Ra'ayin yana nan, amma a ƙananan kalmomin da suke biyo bayan godiyar yake fitowa: "ana dai lallaɓawa", "sai a hankali", "garin ba kuɗi". Tambayar da ta fi fito da shi ita ce ta aiki: me aka saya da kuɗin kakar bana, me aka yi niyyar saya aka fasa, an sayar da dabba kafin lokacinta ko ba a sayar ba.

Dole kuma a kula da wanda aka tambaya, da watan da aka tambaye shi. A cikin 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai, bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da waɗansu kayan abinci a 2024, alhali taki bai sauko ba. Malamin da ke koyarwa a Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Bici ya samu sarari a albashinsa, har yana iya tunanin ƙara faranti. Manomin da ya kawo masa masarar kuwa buhu biyu ya sayar don abin da ɗaya yake yi masa a da. Lamba guda da ta haɗa mutanen nan biyu ba za ta nuna wa mai sayar da sola ko ɗaya daga cikinsu ba, amsar manomin ma da za a samu a watan Disamba dabam take da wadda zai bayar a watan Agusta.